Tarihin Edgar Wallace, marubucin da bashi ya hana alƙalaminsa hutawa

A ranar 10 ga watan Fabrairun 1932 ne Edgar Wallace, ɗan jarida kuma marubucin littattafan 'yan sanda da ɓarayi na ƙasar Birtaniya, ya mutu a birnin Beverly Hills na jihar California a Amurka, yana da shekara 56 da haihuwa.

A lokacin da ajali ya riske shi yana tsakiyar aikin rubuta labarin wani fim ne game da wani ƙaton goggon biri, fim ɗin da daga bisani duniya ta san shi da suna King Kong.

Ya bar littattafan ƙagaggun labarai sama da 170, da gajerun labarai fiye da 900, da wasannin kwaikwayo na dandamali 18. Kazalika ya bar wa iyalinsa bashin da aka ƙiyasta ya kai kimanin fam 140,000, wanda a wancan zamanin dukiya ce mai ɗimbin yawa.

Wanda duk ya bi tarihin wannan mutum zai ga cewa waɗannan abubuwa biyu, wato yawan rubutu da yawan bashi, tare suka riƙa tafiya tun daga littafinsa na farko har zuwa ranar mutuwarsa.

Ɗan riƙon ɗan dako

An haife shi ne a ranar 1 ga watan Afrilun 1875 a unguwar Greenwich da ke kudu maso gabashin Landan. Mahaifiyarsa, Polly Richards, 'yar wasan kwaikwayo ce mai ƙaramin ƙarfi, wadda mijinta ya riga ya mutu. Ta same shi ne ba ta hanyar aure ba da wani ɗan wasa, ɗan matar da ke shugabantar ƙungiyar wasan da take wa aiki, saboda haka sai ta ɓoye haihuwar.

Yana jariri ta miƙa shi riƙo ga iyalin George Freeman, wani ɗan dako a kasuwar kifi ta Billingsgate, wanda shi ma yake da tarin 'ya'ya. Da farko tana biyan kuɗin reno, amma bayan 'yan shekaru sai abin ya fi ƙarfinta. Maimakon su kai yaron gidan marasa galihu, sai Freeman da matarsa suka ci gaba da riƙonsa tamkar ɗan cikinsu. Da sunan Dick Freeman ya tashi.

Tun kafin ya bar makaranta yana ɗan shekara 12 ya fara tallar jarida a mahaɗar Ludgate Circus, a bakin titin Fleet Street, wanda a lokacin shi ne cibiyar gidajen jaridun Birtaniya. Daga nan ya yi ta sauya sana'a: ya yi rabon madara gida-gida, ya yi aiki a masana'antar roba da kantin takalma, har ma ya taɓa zama kuku a wani jirgin kamun kifi.

Wannan tasowa a unguwannin talakawan Landan ita ce ta ba shi sanin yadda 'yan dako da 'yan sane da ƙananan ɓarayi da 'yan sandan sintiri ke magana, abin da ya zame masa jari a rubuce-rubucensa na gaba.

Soja da ɗan jarida a Afirka ta Kudu

Da sana'o'in suka ƙi ci gaba sai ya shiga soja. Ya fara ne a rundunar sojan ƙasa, sannan ya koma sashen kula da lafiya, aka kuma tura shi Afirka ta Kudu a 1896.

A can ne ya fara rubuta waƙoƙi yana aika wa jaridun yankin Cape. Ya haɗu da shahararren marubucin nan Rudyard Kipling a Cape Town a 1898, kuma a wannan shekarar ce aka buga ƙaramin littafinsa na farko na waƙoƙi.

A 1899 ya biya kuɗi ya fanshi kansa daga aikin soja, a daidai lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin Birtaniya da Turawan Boer, wato jikokin 'yan kaka-gida da akasarinsu suka fito daga ƙasar Holand. Ya zama wakilin kamfanin dillancin labarai na Reuters a fagen daga, daga baya kuma jaridar Daily Mail ta Landan ta ɗauke shi.

Abin da ya fito da sunansa shi ne labarin sulhun da ya kawo ƙarshen yaƙin a 1902. An yi tattaunawar ce a wani sansani da ke Vereeniging, wanda Janar Kitchener ya hana 'yan jarida kusantarsa. Sai Wallace ya haɗa baki da wani tsohon abokin aikinsa na soja da ke gadin wurin.

Kullum Wallace kan shiga jirgin ƙasa da ke ratsawa ta gefen sansanin, shi kuma sojan ya fito bakin shinge yana share hanci da hankici. Jan hankici na nufin babu ci gaba, shuɗi na nufin ana daidaitawa, fari kuwa na nufin an cim ma yarjejeniya. Don kauce wa masu tace labarai, sai ya riƙa aika saƙonsa Landan ta wayar tangaraho cikin sigar cinikin hannun jari.

Ta haka Daily Mail ta buga labarin sulhun kafin gwamnati ta sanar. Kitchener ya fusata, ya kuma soke izinin Wallace na aiko da rahotanni daga fagen yaƙi.

Ya riga ya auri Ivy Caldecott, 'yar wani malamin mishan, a 1901, duk da cewa mahaifinta bai so ba. A 1902 aka naɗa shi editan farko na jaridar Rand Daily Mail a Johannesburg, yana da shekara 27. Sai dai muƙamin bai daɗe ba. Ya saɓa da mai jaridar, 'yarsa ta fari Eleanor ta mutu sakamakon cutar sanƙarau a 1903, ya kuma koma Landan da bashi a wuyansa.

A cikin wannan shekarar ce mahaifiyarsa Polly, wadda tsufa da ciwo da talauci suka taru a kanta, ta neme shi don ya taimaka mata. Ya sallame ta hannu wofi, ta kuma mutu a wani asibiti a garin Bradford kafin shekarar ta ƙare.

Gasar da ta karya shi

A 1905 ya rubuta littafin The Four Just Men, wato adilan mutane huɗu. Labari ne na wasu mutane da suka ɗauki doka a hannunsu, suna kashe waɗanda suke ganin sun yi zalunci amma shari'a ba za ta iya kama su ba. A cikin labarin sun aika wa ministan harkokin wajen Birtaniya gargaɗi cewa za su kashe shi idan bai janye wani ƙudurin doka ba, suka kuma kashe shi yana cikin ɗaki a kulle, 'yan sanda na kewaye da ginin.

Wallace ya kafa nasa kamfanin ɗab'i mai suna Tallis Press ya buga littafin da kansa. Don jawo masu saye, sai ya ƙi bayyana yadda aka yi kisan, ya sanya kyautar da jimillarta ta kai fam 500 ga waɗanda suka gano. Ya kuma kashe kuɗi masu yawa wajen manna tallar littafin a jikin motocin haya da bangayen Landan.

Littafin ya samu kasuwa, amma a cikin sharuɗɗan gasar bai iyakance adadin waɗanda za su ci kowace kyauta ba. Masu amsa daidai suka yi yawa, kuɗin talla ya cinye ribar, masu karatu kuma suka fara rubuta wa Daily Mail wasiƙun ƙorafi, tun da kowa ya san shi ma'aikacinta ne.

Ala tilas mai jaridar, Alfred Harmsworth, wanda aka fi sani da Lord Northcliffe, ya ba da kuɗin da aka biya masu nasara don kare mutuncin jaridarsa. Daga baya Wallace ya sayar da haƙƙin mallakar littafin baki ɗaya a kan kuɗi ƙalilan, wasu suka ci gaba da cin ribarsa shekara da shekaru.

Ba a gama da wannan ba sai ga ƙararrakin ɓata suna. A 1907 kamfanin sabulu na Lever Brothers ya kai Daily Mail kotu, aka ci ta tarar diyya ta fam 50,000, kuma wani rahoto da Wallace ya rubuta na cikin waɗanda suka jawo mata wannan asara. A shekarar aka sallame shi, sauran manyan jaridu kuma suka yi ta ɗari-ɗari da ɗaukarsa.

Kwango, Sanders da sojojin Hausa

Kafin a kore shi, jaridar ta tura shi ƙasar Kwango a 1907, lokacin da ƙasar take a matsayin mallakin Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam shi kaɗai. Duniya ta riga ta fara jin labarin yadda ake tilasta wa jama'a tatsar roba, ana ƙona ƙauyuka, ana yanke hannayen waɗanda suka gaza cika adadin da aka ɗora musu.

Abin da ya gani a bakin kogin Kwango ne ya tsamo shi daga halin da ya shiga. Wata edita mai suna Isabel Thorne, ta mujallar Weekly Tale-Teller, ta ba shi shawarar ya mayar da labaran tafiyar tasa ƙagaggun labarai. An fara buga su a 1909, aka kuma tattara su a littafin Sanders of the River a 1911. Littattafai kimanin goma sha biyu ne suka fito a wannan jeri.

Sanders Baturen mulki ne, irin Razdan ko Di'o, da ke riƙe da wani yanki na ƙage a gaɓar wani babban kogi a Afirka. Yana zagaya ƙasarsa a cikin ƙaramin jirgin ruwa, yana naɗa sarakuna yana tuɓe su, yana yanke hukunci nan take, wani lokaci har da rataya. Babban abokin tafiyarsa shi ne Bosambo, wani mai wayo da ya tsere daga kurkuku a Laberiya ya zo ya ɗare sarautar wata ƙabila.

A nan akwai abin da ya shafi Bahaushe kai tsaye. Sojojin da Sanders ke dogara da su wajen murƙushe tawaye Hausawa ne, waɗanda Wallace ke rubuta sunansu Houssa, bisa tsohon rubutun Turawa. Kwamandansu shi ne Kyaftin Hamilton, akwai kuma saje Abiboo da ke biye da Sanders duk inda ya sa ƙafa.

Wallace bai ƙago wannan daga kansa ba. Tun 1863 wani jami'in Birtaniya, John Glover, ya kafa wata ƙaramar runduna a Legas wadda aka riƙa kira Hausawan Glover, kuma daga gare ta ne rundunar sojan Najeriya ke lissafin asalinta. An kafa irinta a Gwalkwas, wato Ghana ta yau, sannan su ma jami'an Leopold sun ɗebi Hausawa daga gaɓar Afirka ta Yamma a farkon kafa rundunarsu ta Kwango. A bakin Turawan wancan lokaci, kalmar Hausa ta kusa zama ma'anar sojan mulkin mallaka baƙar fata, ko da kuwa mutumin ba Bahaushe ba ne.

Abin lura shi ne, mutumin da ya je Kwango don bin diddigin zaluncin 'yan mulkin mallaka ya dawo ya rubuta labaran da ke wanke mulkin mallakar, muddin dai na Ingila ne. A cikin littattafan ana nuna 'yan Afirka tamkar yara waɗanda ba sa zama lafiya sai da bulala da tsoron Bature. Miliyoyin Turawan da ba su taɓa taka Afirka ba daga irin waɗannan labarai suka ɗauki hoton nahiyar.

Shekaru uku bayan mutuwarsa, a 1935, kamfanin Alexander Korda ya mayar da labarin fim, wanda ƙanensa Zoltan Korda ya ba da umarni, aka kuma ce a Najeriya abin ya faru. Shahararren mawaƙin nan baƙar fata na Amurka, Paul Robeson, shi ya fito a matsayin Bosambo, bisa zaton fim ɗin zai nuna al'adun Afirka cikin mutunci. Da ya ga yadda aka tace shi ya koma yabon mulkin mallaka, sai ya fito fili ya barranta kansa da shi.

Cikin waɗanda suka fito a ƙananan matsayi a fim ɗin akwai ɗan wasan Najeriya Orlando Martins, da wani ɗan Kenya da ke zaune a Landan a lokacin, Jomo Kenyatta, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasarsa na farko.

Masana'antar mutum ɗaya

Labaran Sanders sun dawo masa da suna, amma sai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ne kuɗi suka fara shigo masa da gaske. Aurensa da Ivy ya mutu a 1918, ya kuma auri sakatariyarsa Violet King a 1921. A wannan shekarar ce ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin ɗab'i na Hodder and Stoughton, inda ya daina sayar da littattafansa kacokan, ya koma karɓar kaso daga kowane kwafi da aka sayar.

Daga nan littattafai suka yi ta kwarara. Akwai The Crimson Circle a 1922, da The Green Archer a 1923, da The Fellowship of the Frog a 1925. A 1925 ɗin ne kuma ya fito da tarin labaran J. G. Reeder, wani dattijo mai sanyin hali da ke yawo da lema, ma'aikacin ofishin mai gabatar da ƙara, wanda ke kama masu laifi saboda yana iya tunani irin nasu.

Salon nasa a bayyane yake: gajerun babi-babi, kowanne ya ƙare a inda mai karatu ba zai iya ajiye littafin ba, ƙungiyar asiri wadda ba a san shugabanta ba sai a shafin ƙarshe, budurwa mai gadon da ake son ƙwacewa, tsohon gida mai ƙofofin ɓoye, da hazon kogin Thames. Ya bambanta da marubutan da suka gabace shi, irin su Arthur Conan Doyle mai Sherlock Holmes, ta wajen cewa jarumansa galibi jami'an 'yan sanda ne na Scotland Yard, ba masu bincike masu zaman kansu ba.

Ba ya zama ya rubuta da hannu. Yakan rufe kansa a ɗaki ne yana faɗa wa na'urar ɗaukar magana ta Dictaphone labarin, sakatarorinsa kuma, musamman Robert Curtis wanda ya yi suna wajen saurin buga tafireta, su mayar da shi takarda. Yana yi yana zuƙar taba ta cikin wani dogon bututu da ya zame masa alama, yana kuma shan shayi mai zaƙi kofi bayan kofi, dare da rana.

Yakan gama littafi cikin 'yan kwanaki. Littafinsa The Devil Man na 1931 a hutun ƙarshen mako guda ya faɗe shi. Har barkwanci aka riƙa yi a Landan cewa wani ya buga masa waya aka ce yana rubuta littafi, sai mutumin ya ce zai riƙe wayar ya jira ya gama. A wajajen 1928 masu buga littattafansa sun yi iƙirarin cewa cikin kowane littafi huɗu da ake karantawa a Ingila, ɗaya nasa ne.

A fagen wasan kwaikwayo ma ya yi tashe. Wasansa The Ringer na 1926, game da wani gwanin ɓad-da-kama da ya dawo ɗaukar fansar 'yar'uwarsa a kan wani mugun lauya, ya daɗe ana nuna shi a Landan. Bayan wata ziyara da ya kai Chicago ya rubuta On the Spot a 1930, kan wani ɗan daba mai kama da Al Capone, inda Charles Laughton ya fito a matsayin jarumi.

To amma kamar yadda kuɗin ke shigowa haka suke fita. Wallace ya kamu da cacar sukuwar dawaki. Ya sayi dawakin tsere waɗanda ba su cika cin gasa ba, yana zuba kuɗi masu yawa a caca, har ma yana rubuta wa jaridu hasashen dokin da zai yi nasara. Ga motoci na alfarma, ga gida a Landan da wani a Bourne End, ga kyauta ga duk wanda ya zo da kuka. Sau da dama ya riga ya ci kuɗin littafi kafin ya fara rubuta shi. Bashi hanji ne, in ji masu iya magana, yana cikin kowa, amma na Wallace ya kai ga shi ke yanke masa yawan aikin da zai yi a kowane mako.

Daga littafi zuwa majigi

A 1927 majalisar dokokin Birtaniya ta kafa dokar da ta wajabta wa gidajen sinima nuna wani kaso na finafinan da aka yi a cikin ƙasar, don rage mamayar finafinan Amurka. Nan da nan aka shiga neman labaran da za a mayar fim cikin sauri da araha, kuma babu wanda yake da su jibge kamar Wallace.

An naɗa shi shugaban kamfanin fim na British Lion, wanda ya samu izinin sarrafa labaransa. Bai tsaya ga sayar da labari kawai ba, ya riƙa rubuta tsarin fim da maganganun 'yan wasa da kansa, har ya ba da umarni a finafinai biyu, Red Aces a 1929 da The Squeaker a 1930. Zuwan finafinai masu magana a daidai wannan lokaci ya yi masa daɗi, domin iya tsara zance na cikin abubuwan da ya fi ƙwarewa a kai.

A 1931 ya gwada siyasa, ya tsaya takarar majalisar dokoki a mazaɓar Blackpool a ƙarƙashin tutar masu sassaucin ra'ayi na Liberal. Ya sha kaye da ratar ƙuri'u sama da 33,000. Ga kuɗin yaƙin neman zaɓe, ga asarar da wasu wasanninsa suka yi, ga masu bin bashi. Don haka da kamfanin RKO na Hollywood ya yi masa tayin aiki da albashi mai tsoka, sai ya karɓa, ya kama hanyar Amurka a watan Nuwamba na wannan shekara.

A can aka haɗa shi da Merian C. Cooper, wanda ya daɗe yana da tunanin yin fim a kan wani ƙaton biri da za a kamo daga wani tsibiri a kawo birnin New York. Daga ƙarshen Disamban 1931 zuwa farkon Janairun 1932 Wallace ya rubuta daftarin farko mai shafi 110, wanda aka sa wa suna The Beast, wato dabbar. A cikinsa akwai yadda birin ya hau benen Empire State, wanda ba a daɗe da buɗe shi ba, jiragen sama kuma suka far masa.

Bai kai ga gyara daftarin ba. A ƙarshen watan Janairu ya fara fama da matsanancin ciwon kai, likitoci suka gano yana da ciwon sukari wanda ya daɗe a jikinsa ba a sani ba. Ciwon huhu ya biyo baya, cikin 'yan kwanaki rai ya yi halinsa. Matarsa Violet na kan hanyar zuwa wurinsa lokacin da labarin ya same ta.

James Creelman da Ruth Rose ne suka sake rubuta labarin, fim ɗin King Kong ya fito a watan Maris na 1933, aka kuma rubuta sunan Wallace tare da na Cooper a matsayin masu asalin tunanin. Daga baya Cooper ya riƙa cewa Wallace bai tsinana komai ba a fim ɗin, sunansa kawai aka sa don cika alkawari da jawo 'yan kallo. Sai dai daftarin nasa bai ɓata ba, an kuma buga shi a littafi a 2023, wanda ya ba masu nazari damar auna gudummawar tasa da kansu.

Abin da ya bari

An ɗauko gawarsa a jirgin ruwa zuwa Ingila. Da aka ratsa da ita ta Landan, gidajen jaridun Fleet Street sun sassauto da tutocinsu, aka kuma kaɗa ƙararrawar coci don girmama shi. An binne shi a Little Marlow da ke gundumar Buckinghamshire.

Da aka buɗe littattafan lissafinsa ne iyalinsa suka ga girman bashin, wanda kaso mai yawa na 'yan cacar dawaki ne. Amma cikin shekara biyu kacal kuɗin da littattafansa suka ci gaba da kawowa suka biya shi duka. Violet ba ta ga ƙarshen biyan ba, domin ta mutu a 1933.

Masu sukar adabi ba su taɓa ɗaukarsa da muhimmanci ba. Sun ce saurin da yake yi ya sa labaransa maimaita juna, mutanen cikinsu kuma ba su da zurfi. A wata maƙala ta 1944, George Orwell ya zarge shi da bauta wa masu ƙarfi, yana mai nuni da yadda yake ɗaukaka ɗan sanda don kawai hukuma ce ke bayansa. Wannan zargi ya yi daidai da abin da masu nazarin adabin mulkin mallaka suka faɗa daga baya game da labaran Sanders.

Ta fuskar kasuwa kuwa, an sayar da kwafin littattafansa sama da miliyan 50, an kuma yi finafinai fiye da 160 daga labaransa. A Birtaniya an yi jerin gajerun finafinai 47 da sunansa tsakanin 1960 da 1965.

Ƙasar da ta fi riƙe shi ita ce Jamus, inda aka fara fassara shi tun shekarun 1920. Tsakanin 1959 da 1972 kamfanin Rialto ya shirya finafinai 32 da harshen Jamusanci bisa labaransa, waɗanda suka fito da 'yan wasa irin su Joachim Fuchsberger da Klaus Kinski, har suka zama wani rukunin fim mai zaman kansa a ƙasar.

Ɗansa Bryan shi ma ya zama marubucin labaran laifi da na fim. Matar Bryan ta wancan lokaci, Margaret Lane, ita ce ta rubuta tarihin rayuwarsa a 1938, 'yarsa Penelope kuma ta kafa ƙungiyar masu sha'awar rubuce-rubucensa a 1969.

A ƙasarsa ta haihuwa akasarin littattafan nasa sun daina fitowa a kasuwa, kuma da yawa daga waɗanda suka san sunansa a yau ta dalilin King Kong suka san shi, fim ɗin da bai rayu ya gani ba. A Ludgate Circus, inda ya yi tallar jarida yana yaro, an kafa wani allon tagulla mai ɗauke da hoton fuskarsa don tunawa da shi a matsayin ɗan jarida.